Mene Ne "Siyasar Talakawa", Kuma Me Ya Raba Ta da Siyasar Yanki?

Da zaɓe ya ƙarato, fostocin da ake mannawa daga Mabera har Runjin Sambo a birnin Sakkwato kusan magana ɗaya suke ɗauke da ita: wane "masoyin talakawa" ne. Kalmar ta sha hannu har ta fara suɗewa, alhali tana da ma'ana tsayayya da aka sha ɗauri da bulala a kanta.

A asalin Hausa, talaka ba shi ne matalauci ba. Talaka shi ne wanda ba ya riƙe da sarauta, wanda ake mulka. Falken da ke da raƙuma hamsin talaka ne a gaban uban ƙasa, zai cire takalmi ya faɗi gaisuwa. Saboda haka siyasar talakawa tana nufin waɗanda ake mulka su haɗa kai su ƙi wani abu da hukuma ke yi musu, ko su nemi a sa bakinsu cikin yadda ake yanke shi. A ƙasar manoma abin bai cika wuce uku ba: haraji, gona da shari'a. Rabon shinkafa da atamfa ranar kamfe ba ya cikin wannan ma'ana. Wannan kyauta ce daga sama, mai bayarwa ke zaɓen abin da zai bayar da ranar da zai daina.

Siyasar yanki kuma wani gini ne daban. Ita cewa take sarki da attajiri da manomi na yanki ɗaya su tsaya wuri guda don kada wani yanki ya danne su. Jam'iyyar Mutanen Arewa, NPC, wadda ta zama jam'iyyar siyasa a 1951, ita ce babban misali, kuma Sardauna Ahmadu Bello, haifaffen Rabah, shi ya ja ragamarta. Tsoronta na gaske ne: Kudu ta yi wa Arewa nisa a boko, in ba a tashi tsaye ba ayyukan gwamnati za su kuɓuce. Jam'iyyar talakawa ta NEPU da aka kafa a Kano ran 8 ga Agustan 1950 ta duba cikin gida ne, ta ce tsakanin masu riƙe da En'e, wato hukumar gargajiya ta sarakuna, da talakawa akwai rikicin da sunan Arewa ba zai rufe shi ba. Waɗancan suna kiran "Salama", waɗannan suna kiran "Sawaba".

Sai an ga yadda haraji yake a zamanin En'e kafin a gane zafin kiran. Bayan kaka mai unguwa ke bi gida gida da lissafin mazaje baligai, kuɗi ya hau zuwa hakimi, daga nan uban ƙasa, sannan baitulmali. Bafulatani kuma a ƙirga masa shanu a karɓi jangali. Kuɗi ake so, ba dame ba, don haka manomi yakan sayar da gero lokacin da ya fi araha. In ya gaza, ɗan doka ya tasa ƙeyarsa gaban alƙali, alƙalin kuwa ma'aikacin En'e ɗin da ke binsa kuɗin ne. Shi ya sa da PRP, magajiyar NEPU, ta ci Kano da Kaduna a 1979, Abubakar Rimi da Balarabe Musa suka soke haraji da jangali tun farkon hawansu.

Jam'iyyun talakawa ba su taɓa kafa gwamnati a Sakkwato ba. A 1979 NPN ce ta ci, Shehu Kangiwa ya zama gwamna, Shehu Shagari shugaban ƙasa. Amma kada a ɗauka manoman wannan yanki ba su taɓa yunƙurawa ba. A 1906 mutanen Satiru, manoma da bayin da suka gudo, sun yi wa Turawa tawaye da gatura da fartanyu, aka rushe garin ƙurmus. Sai Bakolori, kusa da Talata Mafara, wadda lokacin tana cikin jihar Sakkwato. An datse gulbi, ruwa ya cinye garuruwa da gonaki, wasu manoma aka hana su shuka ana baje filin ban-ruwa, na ƙasa da dam kuma ambaliyar da ke jiƙa musu fadama ta ragu. Diyya ta yi ta jan ƙafa, wasu sunayensu ma ba su cikin takarda. Manoma suka tare hanyoyin shiga wurin aikin. A Afrilun 1980 'yan sandan kwantar da tarzoma suka buɗe wuta. Hukuma ta faɗi adadi kaɗan, masu bincike suka ce ɗaruruwa ne suka mutu. Wannan yunƙuri ba shi da tuta ko ɗan takara, amma ya cika ma'anar kalmar fiye da jam'iyyu da dama. Irinsa ne Agbekoya ta manoman koko a ƙasar Yarbawa a 1968 da 1969, wadda ta tilasta aka rage haraji.

Akwai wani tarko na doka da ya kamata kowane manomi ya sani. Dokar filaye ta 1978 ta damƙa ƙasa a hannun gwamna. In aka karɓi gona don aikin jama'a, diyyar da doka ta sani ta abin da ke kan gonar ce: gini, rijiya, itatuwa, amfanin da ke tsaye. Wanda bai tsaya ranar ƙidaya an rubuta mangwaronsa da giginyarsa ba, ko aka zo bayan ya girbe, abin da zai samu ba zai sayi rabin wata gonar ba.

To me ke hana irin wannan yunƙuri zama jam'iyya mai ƙarko? Tsarin mulkin 1999 da gangan ya toshe ƙofar jam'iyyar yanki. Sashe na 222 ya ce hedikwata sai a Abuja, suna da tambari kada su nuna ƙabila, addini ko wani ɓangaren ƙasa. Sashe na 223 ya ce shugabanninta su fito daga aƙalla kashi biyu cikin uku na jihohi. Mai neman shugaban ƙasa kuma sai ya sami kashi 25 cikin 100 a jihohi 24. Shi ya sa CPC, duk da ƙuri'a wajen miliyan 12 da ɗan takararta Buhari ya samu a 2011, sai da ta narke cikin APC a 2013. DPP ta Attahiru Bafarawa ma ba ta yi nisa ba bayan 2007. Wadda ta kasa cin kujera ko ɗaya tana iya rasa rajista, kamar jam'iyyu 74 da INEC ta soke a 2020.

Sauran matsalolin na aljihu ne da na kalanda. Jihar Sakkwato na da ƙananan hukumomi 23 da mazaɓu 244, kowace da rumfunanta, kowace rumfa tana son wakilin da zai zauna har a ƙirga, ya sa hannu, ya karɓi kwafin sakamako. Ƙungiyar da kuɗinta karo-karon manoma ne ba ta iya ɗaukar wannan, sai ta nemi mai kuɗi, mai kuɗi kuma ya zo da ɗan takararsa. Zaɓe yakan faɗo a Fabrairu ko Maris, daidai lokacin da matasan karkara suka tafi cin rani, katinsu kuwa na rumfar ƙauye ne. Ga rabuwar kai da zarar an ɗanɗana mulki, kamar yadda PRP ta dare gida biyu, Santsi da Taɓo, tun wa'adin farko bai ƙare ba.

Yau kalmar haraji ta dawo bakin manoma ta wata mummunar hanya. A gabashin jihar, wajen Isa da Sabon Birni, 'yan bindiga ke ɗora wa ƙauyuka kuɗi kafin a bar su su shuka, su sake ɗora wani kafin girbi, mai gari ya bi gida gida yana tarawa. Mutanen nan sun san abin da suke nema dalla-dalla: a tsare hanyar gona da ta kasuwa, a mayar da waɗanda suka yi gudun hijira garuruwansu kafin ruwan shuka.