Idan likitan unguwa ya kwanta ciwo a Ingila, wa ke biyan mai riƙon ƙwarya?

Wai ba gwamnati ce ke biyan likitocin ba?

To, nan ne mutane da yawa ke ruɗewa. Tun da aka kafa NHS, tsarin kiwon lafiya na gwamnati, a 1948, yawancin likitocin unguwa, waɗanda ake kira GP, ba ma'aikatan gwamnati ba ne kai tsaye, kwangila suke yi da ita. Asibitin nasu ne, su ke biyan albashin nas da mai karɓar waya da kuɗin wuta, don haka ranar da ɗaya ya kwanta kuma aka ɗauko likitan riƙon ƙwarya, wanda su ke ce wa lokom, daga asusun asibitin kuɗin ke fara fita.

To ana mayar musu?

Ana mayarwa amma ba duka ba. Kafin Afrilun 2017 abin sai an ga dama ne, har yawan mutanen da ke rajista da asibitin ake dubawa. Daga wannan shekarar ya zama haƙƙi, aka sa iyaka kusan fam 1,734 a sati a lokacin, ana biya har sati 26, sai rabi na wasu sati 26 ɗin. Kuma in abokin aikinsa ne ya ƙara awanni ya rufe gurbin, shi ma ana iya neman kuɗin.

Daga ranar farko ake fara lissafi?

A'a, kuma gaskiya wannan shi ya fi damuna. Sai an cika sati biyu tukuna. Ka ɗauki ƙaramin asibiti mai likita biyu, ɗaya mura ta kayar da shi ran Litinin, waya ta fara ƙara tun ƙarfe takwas na safe, tsofaffi na jiran a sabunta musu maganin hawan jini, ga uwa da jariri mai zazzaɓi a ɗakin jira, kuma ko sisi ba za a mayar ba na waɗannan kwanakin. Shi ya sa wani likitan zai haɗiyi farasitamol ya fito aiki yana tari a gaban majinyata, don ya san kwanciyarsa aljihun abokan aikinsa za ta taɓa.

Ragowar giɓin fa?

Da yawa inshora suke saye da kuɗinsu, wadda ke biyan lokom in ciwo ya daɗe.

Wa ake kai wa takardun neman kuɗin?

Hukumar lafiya ta yankin, ICB, wadda ta gaji tsohuwar hukumar yankin, CCG, a Yulin 2022. Za su nemi takardar shaidar rashin lafiya da hujjar abin da aka biya likitan da ya riƙe wurin.