Ma'anar Kalmar "Giclée" a Harkar Buga Hoto

Har yau muna cewa "wanke hoto", ko da yake da yawa daga cikin hotunan zamani ba sa shiga ruwan magani, inji ne ke fesa tawada a kan takarda. A kasuwar zane-zane, sunan da ake liƙa wa irin wannan bugu idan ana son nuna ingancinsa shi ne giclée, wanda ake furtawa kamar "jikile". Kalmar ta samo asali daga Faransanci, inda take nufin tsartuwar ruwa, amma a Amurka aka mayar da ita sunan bugu. Wani ma'aikacin ɗab'i mai suna Jack Duganne ne ya fara amfani da ita a wajajen 1991 a Kalifoniya, domin masu sayen zane a lokacin suna raina duk abin da aka ce kwamfuta ce ta fitar da shi.

Injinan farko, ƙirar kamfanin Iris, da tawadar rini suke aiki, wadda haske ke saurin koɗar da ita. A yau kuwa, idan an ce giclée, ana nufin an yi bugun da tawada mai ƙwayoyin launi waɗanda ba sa narkewa a ruwa, a kan takardar auduga marar sinadarin asid ko a kan ƙyallen zane. Sai dai babu wata doka da ta tsare wannan suna, kowa yana iya rubuta shi a jikin hajarsa, shi ya sa gidajen tarihi da dama suka fi son a bayyana nau'in tawada da na takarda ƙarara. A ganina wannan ya fi gaskiya, kuma nau'in tawada da na takardar ne ya kamata mai saye ya tambaya.

Ingancin bugun kuma yakan salwanta a wajen sa firam. Idan aka shafe bayan hoton da gam aka manna shi a katako, ko aka lulluɓe shi da leda mai zafi, ba a iya raba su kuma. Ƙwararru sukan rataye shi ta gefen sama kawai da siraran takardu, sannan su sa kwali mai taga tsakaninsa da gilashi, domin idan danshin damina ya taru a ciki, fuskar hoton kan manne wa gilashin ta ɗaye, ko funfuna ta kama ta.