Sauya Lissafin Kwamfutar Injin Dizal Don Ƙarin Ƙarfi: Inda Doka Ta Shata Iyaka

Injin dizal na zamani yana aiki ne bisa umarnin wata ƙaramar kwamfuta da ke cikin motar. Ita ce ke ƙayyade yawan man da nozul zai fesa, da lokacin da zai fesa shi, da ƙarfin iskar da turbo zai tura cikin injin. Kamfanin da ya ƙera motar yakan bar rata a wannan lissafi, domin injin ya jure zafi da sanyi da man da ba shi da inganci sosai, kuma ya ci jarrabawar hayaƙi. Masu ƙara wa mota ƙarfi sukan jona na'urarsu a soket ɗin gwaji da ke ƙarƙashin sitiyari, su kwafo lissafin kamfani, su sauya alkaluman, sannan su mayar. Motar takan ƙara ja sosai, musamman a hawan tudu ko da kaya, ba tare da an kwance ko da noti ɗaya ba.

A yawancin ƙasashen da suka tsara wannan fanni, ƙarin ƙarfin kansa ba laifi ba ne. Abin da doka ke karewa shi ne yanayin da aka amince da motar a kansa kafin a fara sayar da ita. A Tarayyar Turai, ma'aunin Euro 5 da ya fara aiki a 2009 ya taƙaita ƙurar hayaƙin ƙananan motocin dizal zuwa miligiram 5 a kowace kilomita, sannan Euro 6 na 2014 ya rage iskar naitirojin oksaid daga miligiram 180 zuwa 80. Lissafin da ke cikin kwamfutar yana cikin abin da aka gwada, don haka wanda ya taɓa shi ya taɓa tushen amincewar.

Dalilin da ya sa dizal ya fi fetur shiga rikici da doka yana cikin yadda yake ƙonewa. Idan aka ƙara mai fiye da iskar da za ta ƙone shi, kunkunniya ce ke ƙaruwa. Idan kuma aka gyara lokacin feshi domin ƙunar ta yi zafi ta yi tsafta, naitirojin oksaid ce ke hauhawa. Saboda haka ne ake ɗora wa injin na'urori na musamman: bawul ɗin EGR da ke mayar da wani ɓangare na hayaƙi cikin injin don rage zafin ƙuna, da matatar DPF da ke tare kunkunniya a hanyar salansa, da tsarin fesa ruwan AdBlue da ke mayar da gubar naitirojin oksaid zuwa naitirojin da tururi. Injin da aka cika wa mai yana toshe matatarsa da wuri, sai mai gyara ya ba da shawarar a huda ta ko a cire, a kuma umarci kwamfutar ta daina lura da ita. A nan ne aikin ke tashi daga gyara ya koma karya doka, ko da kuwa fitilar gargaɗi ba ta kunnu ba.

A Birtaniya, ƙa'idojin ƙirar motoci da amfani da su na 1986 sun haramta hawa titi da motar da aka sauya har ta daina cika ma'aunin hayaƙin da aka ƙera ta a kai. Tarar tana kaiwa fam 1,000 ga ƙaramar mota, da fam 2,500 ga ƙaramar motar kaya. Tun watan Fabrairun 2014 gwajin shekara-shekara na MOT yake duba ko matatar tana nan, kuma daga watan Mayun 2018 duk motar da ke da DPF da aka ga tana fitar da hayaƙi ko wane launi ne, ko aka ga alamar an yanke matatar an sake walda ba da hujja ba, ta faɗi gwajin.

Jamus ta bi ta wata hanya da nake ganin ta fi sauran fito da manufar a fili. Sashe na 19 na dokarta ta rajistar ababen hawa ya ce izinin hawa titi yana faɗuwa da kansa idan sauyin da aka yi ya ɓata yanayin hayaƙi ko ƙarar motar, ko ya jawo haɗari ga jama'a. Wanda ke son ƙarin ƙarfi yana da halattacciyar ƙofa: ya sa lissafin da ke da takardar gwaji, ya kai motar wurin masu dubawa irin su TÜV ko DEKRA, a rubuta sabon ƙarfin a takardunta.

A Amurka kuwa, Dokar Tsaftar Iska ta hana cirewa ko kashe duk wata na'urar rage hayaƙi, ta kuma hana ƙerawa da sayarwa da ɗora abin da babban aikinsa shi ne kewaye ta. Gyaran da aka yi wa dokar a 1990 ya faɗaɗa haramcin har ya shafi mai motar kansa. Matsayin EPA, hukumar kare muhalli ta Amurka, shi ne rubuta cewa na'ura ta filin tsere ce kawai ba ya wanke mai sayarwa idan ya san, ko ya kamata ya sani, cewa a titi za a yi amfani da ita. Wannan doka ce ta kama Volkswagen a 2015, lokacin da kamfanin ya amsa cewa motocinsa na dizal kusan miliyan 11 a duniya suna ɗauke da manhajar da ke gane lokacin gwajin hayaƙi, ta rage gubar hayaƙin a lokacin kawai.

Abin da ya fi cin masu mota a zahiri shi ne inshora. Ƙarin ƙarfi yana sauya girman haɗarin da kamfani ya ɗauka, don haka wajibi ne a faɗi gaskiya idan aka tambayi ko an sauya wani abu. A dokar Birtaniya ta 2012 kan bayanan da mai sayen inshora ke bayarwa, idan ya ɓoye da gangan ko da halin ko-in-kula, kamfanin yana iya soke yarjejeniyar, ya ƙi biyan diyya, a mafi yawan lokuta ya riƙe kuɗin da aka riga aka biya. Idan kuskure ne na sakaci, ana duba abin da kamfanin zai yi da ya san gaskiya tun farko, wanda kan iya zama rage diyyar.

Garanti ma yana da nasa hukuncin. Dokar Magnuson-Moss ta 1975 a Amurka ba ta bari a soke garantin mota baki ɗaya don kawai an sa mata kayan wani kamfani, amma mai ƙera motar yana da damar ƙin biyan gyaran da sauyin ya jawo, kuma kuloci da turbo da giya su ne suka fi ɗaukar nauyin ƙarin ja. Mayar da lissafin kamfani kafin a kai motar wurin dila ba lallai ya ɓoye komai ba, domin kwamfutocin motoci da yawa suna ƙirga sau nawa aka sake rubuta su, wasu kuma suna adana mafi girman matsin turbo da injin ya taɓa kaiwa.