Kowace murya da layinta: tambayoyi kan ɗaukar sauti da makirufo da yawa a gida

Miksata, na'urar haɗa sautuka, tana da kafa takwas na jona makirufo, amma biyu kawai kwamfuta ke nuna mini. Ina sauran suka shige?

A nan mutane da yawa ke asarar kuɗinsu. Yawancin ƙananan miksa masu USB suna gauraya duk abin da aka jona musu, su miƙa wa kwamfuta hagu da dama kawai. Ka sa makirufon mawaƙi da na 'yan amshi da na mai kalangu, duk a dunƙule za su iso, kamar kunun da aka riga aka dama. Idan kalangu ya danne muryar mawaƙi, ba gyara sai an sake ɗauka. Abin da kake buƙata shi ne sawun kad, akwatin da ke kai wa kwamfuta kowace kafa daban. Scarlett 2i2 na Focusrite kafa biyu gare shi, UMC404HD na Behringer huɗu, Scarlett 18i20 kuwa yana ɗaukar makirufo takwas. Akwai miksa masu raba kafafu, irin su Model 12 na Tascam, sai dai sun fi tsada. Kafin ka biya, tambayi mai shago kafa nawa ke isa kwamfuta, kada ka tsaya ƙirga ramukan jikin na'urar.

Mai kafa huɗu na saya, amma har yanzu biyu nake gani.

Duba direba, wato 'yar manhajar da ke haɗa kwamfuta da na'urar. A Windows, manhajojin kiɗa suna magana da sawun kad ta hanyar ASIO, tsarin da kamfanin Steinberg na Jamus, masu Cubase, suka ƙirƙiro. Sauke direban daga shafin kamfanin da ya ƙera na'urarka, sannan ka zaɓe shi a cikin manhajar. A manhajar Reaper, wurin zaɓen direba yana da gurbi biyu, kafar farko da kafar ƙarshe. Sau da yawa ta ƙarshen tana nan a kan 2, sai ka mayar da ita 4. A Cubase danna F4, ka buɗe wa kowace kafa mashiga ta mono, wato mai ɗaukar kafa ɗaya. A FL Studio kuwa, idan ka danna layi a miksar cikin manhajar, wurin zaɓar kafarsa yana bayyana a saman sashen da ke gefe. Masu Mac galibi ba su da wannan wahala.

Me ya sa murya ke fitowa a kunne ɗaya?

Ka buɗe layin sitiriyo ne, mai hagu da dama, alhali makirufo ɗaya ka jona. Makirufo ɗaya, layin mono ɗaya. Layi na farko ya saurari kafa ta 1, na biyu kafa ta 2, haka har ƙarshe. Kunna jan maɓallin shirin ɗauka a kan kowanne, kuma ka rubuta wa kowane layi suna tun kafin a fara. Bayan mako guda ba za ka tuna wane ne na amshi ba.

Na yi duk wannan, makirufo ɗaya ya yi shiru.

Idan irin makirufon da ake kira kwandensa ne, wuta yake jira. Danna maɓallin 48V na jikin sawun kad, amma bayan ka jona wayar makirufon kuma ka rage ƙarar sifika. Irin su Shure SM58 ba sa buƙatar wannan wutar.

Ina zan tsayar da ƙarfin shigar sauti?

Sa kowa ya yi abin da zai yi da gaske. Mai kalangu ya buga da ƙarfinsa, mawaƙi ya ɗaga murya inda waƙar ta fi zafi, domin "gwaji, gwaji" da ake faɗa a hankali ba ya nuna komai. Murɗa mabuɗin ƙarfin sauti na kafar har ma'aunin ya riƙa tsayawa tsakanin -12 da -6 a wurin da aka fi ƙara. Da zarar ya taɓa 0 sauti ya fashe, kuma babu manhajar da za ta mayar da shi yadda yake. A saitin zurfin sauti, ɗauki a kan bit 24, domin ƙaramin sauti ana iya ɗaga shi daga baya ba tare da ya lalace ba. Idan aikin na bidiyo ne, sa saurin ɗaukar sauti, wato sau nawa ake ɗibarsa a sakan ɗaya, a kan 48,000 a manhaja da na'ura baki ɗaya.

Mawaƙi ya ce yana jin muryarsa a makare cikin hedifon.

Gaskiya ya faɗa, kuma wannan jinkirin na fitar da mutum daga kiɗa. Bafa ce ta yi yawa, wato adadin sautin da kwamfuta ke tarawa kafin ta sarrafa shi. A kan 48,000, bafa 1024 tana cin kusan milisakan 21 a shiga kawai, 128 kuwa ba ta kai 3 ba. Rage ta zuwa 128 ko 256 lokacin ɗauka, ka ƙara ta lokacin haɗa sauti. Idan kwamfutar ta fara ƙas-ƙas, mayar da bafar sama, ka kunna maɓallin saurare kai tsaye da ke jikin sawun kad, ka kashe na cikin manhajar don kada ya ji kansa sau biyu.

Ga wani gurnani da ke bin duk layukan, musamman in an tada janareta.

Zare cajar laftof ka saurara. In gurnanin ya ɗauke, ta wuta yake shigowa. Cika batir kafin baƙi su iso, ka yi ɗaukar a kansa, sannan ka raba wayoyin makirufo da na wuta, kada su kwanta a jere.