Me ake nufi da "kwaikwayon kwamfuta" a binciken bakin teku?

Duk wanda ya taɓa tsayawa a bakin kogin Kubanni na Zariya washegarin ruwa mai ƙarfi na watan Agusta ya ga abin da ruwa ke yi wa yashi. Gaɓar da ka taka jiya ta rufta, yashin ya gangara ya taru a lanƙwasa ta gaba, inda masu tifa za su zo ɗiba. Haka yake a bakin teku, sai dai can guguwa ɗaya tana iya share tudun yashin da ya tsare gari cikin dare guda.

Don a san hakan tun kafin ya faru masana ke amfani da abin da wasu ke kira samfurin kwamfuta, wasu kwaikwayon kwamfuta. Ni na fi son na biyun, domin ainihin aikin ke nan: manhaja ce ke kwaikwayon teku da lissafi.

Ana zana taswirar gaɓar, a yanka ta ƙanana-ƙanana kamar gidajen dara. Kowane gida a ba shi zurfinsa ko tsayinsa da girman ƙwayar yashinsa. Sai a sako masa guguwa: tsayin igiyar ruwa, yadda teku ya cika ya tumbatsa, da awa nawa za a yi ana haka. Kwamfuta ta bi gida-gida tana lissafa ruwan da ya shiga, yashin da ya ɗaga, da inda ya sauke shi. Abin da ya fi burge ni shi ne, da zarar yashi ya motsa ƙasan ta canza, igiyar da ke biye kuma wata ƙasa daban za ta tarar. Shi ya sa ake maimaita lissafin sau dubbai, abin da hannu ba zai iya ba.

Fitacciya a irin waɗannan manhajoji ita ce XBeach, wadda masana a birnin Delft na ƙasar Holan suka ƙera da tallafin sashen injiniyoyi na sojan Amurka, bayan guguwoyin 2004 da 2005, ciki har da Katrina. Tana nuna ko ruwa zai tsaya yana cin gindin tudun har ya rufta, ko zai haure shi ya watsa yashi cikin gari, ko zai shanye shi gaba ɗaya.

Ba aikin 'yan duba ba ne. Ana jarraba ta da abin da ya riga ya faru. Da guguwar Sandy ta huda tsibirin Fire Island na jihar New York a 2012, akwai awon gaɓar na kafin da na bayan, sai aka gwada lissafin da su. In awon da aka ba ta bai da kyau, amsar ma ba za ta yi kyau ba.

Mu a Zariya ba mu da teku, amma Najeriya tana da gaɓa ta sama da kilomita 800. Katangun duwatsun da aka gina a mashigar tashar Legas tsakanin 1908 da 1912 sun tare yashin da ke zuwa daga yamma, Bar Beach, gaɓar Legas da ke gabas da katangun, ta yi shekaru tana zaizayewa har ruwa ya riƙa hawa titi. XBeach kyauta ce a intanet, ɗalibin injiniyan ruwa a Jami'ar Ahmadu Bello da ke Samaru zai iya sauke ta a kwamfutarsa yau ya fara koyo.