Gas ɗin iyakwandishan ba fetur ba ne

Da zarar zafin Maris ya kama a Zariya, za ka ji direbobi na cewa, "Gas ɗina ya ƙare, bari in leƙa Sabon Gari a ƙara mini." An daɗe da yarda cewa iyakwandishan ɗin mota na shan gas yadda inji ke shan mai. Ba laifin kowa ba ne, tunda ana ƙarawa sanyi kan dawo.

Amma gas ɗin, wanda a yawancin motocinmu R134a ne, ba ƙonewa yake ba. Zagayawa kawai yake cikin rufaffun bututu, kwamfuresa, wato famfon iyakwandishan ɗin, na matsa shi. Ɗan abin da ke sulalewa sai an yi shekaru kafin a lura. In ya ragu cikin wata biyu, wani wuri ne ke yoyo, kuma ƙari ba ya toshe rami.

Sau da yawa ma gas ɗin na nan. Kwandensa, wadda ke gaban lagireto tana fitar da zafin gas ɗin, ita ce ƙurar hunturu ta toshe. Duba ta, ka wanke da ruwa a hankali. Kunna iyakwandishan ka saurara: ka ji "ƙas" ɗin kamawar kwamfuresa? Fanka na juyawa? In shiru, fara da fis. Mahaɗar tiyo da ta yi maiƙo, ƙura ta manne mata, nan ake zargin yoyo; kumfar sabulu kan tona shi.

Bakaniken da ya ɗauko tukunyar gas bai sa ma'auni ba, ni dai ina ja da baya, don cikawa fiye da ƙima na wahalar da kwamfuresa.

Don Allah a tura wa 'yan uwa masu mota.