Manhajar Tantance Masu Neman Aiki

Manhajar tantance masu neman aiki tsari ne na kwamfuta da kamfanoni da ma'aikatu ke amfani da shi wajen karɓar takardun masu neman aiki, su adana su, su tace su, su kuma jera su kafin su kai gaban jami'in ɗaukar ma'aikata. Masu harkar sun fi kiran ta da gajeren suna ATS, daga sunanta na Turanci, Applicant Tracking System. Wasu daga cikin manhajojin ba su wuce rumbun ajiya ba, inda jami'i zai shiga ya nemo wanda yake so. Wasu kuwa suna ba kowane mai nema maki, su yi masa jarrabawa, har su yi masa tambayoyi ta bidiyo. A Amurka kusan duk manyan kamfanoni 500 da suka fi samun kuɗi suna aiki da irin wannan tsari.

Asali

Manhajojin farko sun bayyana a shekarun 1980, amma intanet ce ta sa suka zama dole. A da, neman aiki yana da tsada: sai an buga takarda, an sayi ambulan da kan sarki, an je gidan waya. Da shafukan tallar guraben aiki irin su Monster suka yaɗu a shekarun 1990, sai mutum ɗaya ya iya neman gurbi ashirin a zama ɗaya, kamfanoni kuma suka rasa yadda za su yi da tarin takardu. Nan kasuwa ta buɗe wa kamfanoni irin su Taleo, wanda Oracle ya saye a 2012 a kan kusan dala biliyan 1.9, da Workday, da iCIMS, da Greenhouse.

Yadda take aiki

Da zarar mai nema ya tura takardar CV ɗinsa, manhajar takan warware ta gida-gida: suna, makaranta, shaidar karatu, wuraren da ya yi aiki, da shekarun da ya yi a kowane wuri. Tun a nan ake fara asara. Idan an tsara takardar a cikin jadawali, ko an raba ta gida biyu, ko an ɗauki hotonta aka tura, manhajar na iya cakuɗa bayanan ko ta tsallake wasu, mai takardar kuma ba zai taɓa sani ba.

Mataki na biyu shi ne tambayoyin sharaɗi, kuma shi ne ya fi kayar da mutane. Kana da digiri? Shekara nawa ka yi kana wannan aiki? Kana da izinin aiki a ƙasar? Amsa ɗaya da ta saɓa wa sharaɗi ta isa a rufe fayil ɗin mutum nan take. Daga nan sai neman kalmomi: jami'i ko manhajar kanta su duba ko kalmomin da ke cikin tallar aikin sun fito a takardar. Wanda ya iya aikin amma ya kira shi da wani suna daban yana iya zama can ƙasan jeri.

Sababbin manhajoji suna ƙara ƙirƙirarriyar basira a kan wannan. Ana ba su takardun ma'aikatan da kamfani ya ɗauka a baya, su koyi abin da ya haɗa su, sannan su fifita masu kama da su. Akwai masu sa mai nema ya buga wasanni a waya don auna halinsa, akwai kuma masu sa shi ya zauna gaban kyamara ya amsa tambayoyi alhali babu kowa a ɗaya ɓangaren.

Akwai wata magana da ta yaɗu cewa manhaja kan watsar da kashi 75 cikin 100 na takardu kafin idon ɗan Adam ya gan su. Wannan adadi daga tallar wani kamfani mai sayar da hidimar gyara takardu ya samo asali, ba daga wani bincike da aka wallafa ba. Abin da ya fi faruwa shi ne, mutane ne ke kafa sharuɗɗan, manhajar ta zartar da su ba sani ba sabo, sauran takardun kuma su yi ta zama a rumbu don jami'i ya duba na saman jeri ya tsaya.

Waɗanda rariyar ke riƙewa

A watan Satumba na 2021 Makarantar Kasuwanci ta Jami'ar Harvard da kamfanin Accenture sun fitar da rahoto a kan wannan batu, bayan sun tambayi ma'aikata da shugabannin kamfanoni a Amurka da Birtaniya da Jamus. Sun ƙiyasta cewa a Amurka kaɗai akwai mutum miliyan 27 da ke son aiki, ko son ƙarin aiki, amma tsarin ɗauka ba ya ganin su. Cikinsu akwai masu jinyar iyaye, da tsofaffin sojoji, da baƙin haure, da masu buƙata ta musamman, da waɗanda suka taɓa zaman gidan yari. Abin da ya fi ɗaukar hankali shi ne kamfanonin da bakinsu suka amsa: kashi 88 cikin 100 sun ce tsarinsu yana cire ƙwararrun da suka cancanta saboda ba su dace da sharuɗɗan talla kalma da kalma ba. Kusan rabin kamfanonin Amurka da aka tambaya suna cire duk wanda ya yi sama da wata shida ba ya aiki. Wannan sharaɗi ba ya tambayar dalili. Matar da ta haihu ta tsaya reno, da wanda ya yi doguwar jinya, da wanda masana'antarsa ta rufe, duk hukuncinsu ɗaya.

Wariya

Tun kafin zamanin intanet an ga alamar abin da zai biyo baya. A Makarantar Koyon Likitanci ta Asibitin St George's da ke Landan, Dakta Geoffrey Franglen ya rubuta wata manhaja a 1979 don ta kwaikwayi yadda malamai ke zaɓen ɗaliban da za a kira ganawa. Ta kwaikwaye su sosai, har da son zuciyarsu: tana rage wa mata maki, tana kuma rage wa masu sunayen da ba na Turawa ba. Malamai biyu na makarantar ne suka tona asirin a 1986, kuma a 1988 Hukumar Daidaiton Launin Fata ta Birtaniya ta sami makarantar da laifi. An ƙiyasta cewa har mutum 60 cikin masu nema kusan 2,000 ake hana ganawa duk shekara ta wannan hanya.

Bayan shekara talatin, a watan Oktoba na 2018, kamfanin dillancin labarai na Reuters ya ba da labarin abin da ya sami Amazon. Tun 2014 injiniyoyinsa suke gina manhajar da za ta ba masu nema tauraro ɗaya zuwa biyar. Sun koyar da ita da takardun shekara goma, waɗanda galibinsu na maza ne. Sai ta koyi rage wa takarda daraja idan kalmar mata ta fito a ciki, kamar a ce shugabar wata ƙungiyar mata, ta kuma rage wa waɗanda suka fito daga wasu kwalejoji biyu na mata zalla. Kamfanin ya watsar da aikin, ya kuma ce jami'ansa ba su taɓa yanke hukunci da manhajar ba.

Babu wanda zai ce ɗan Adam adali ne a wannan fage. Wani sanannen bincike na 2004 a biranen Boston da Chicago ya nuna cewa takardu masu sunayen fararen fata sun fi samun kira da kashi 50 cikin 100 a kan takardu iri ɗaya masu sunayen baƙar fata. Bambancin shi ne, jami'i mai son zuciya ofis ɗaya yake cutarwa. Manhaja ɗaya kuwa ɗaruruwan kamfanoni ke saye, don haka wanda ta ƙi a nan tana iya ƙin sa a ko'ina, ga shi kuma hukuncinta yana zuwa da kamannin lissafi wanda ba a jayayya da shi.

Wani lokaci ma wariyar ba koyonta aka yi ba, rubuta ta aka yi. A 2023 kamfanin koyarwa na iTutorGroup ya amince ya biya dala 365,000 bayan hukumar daidaita damar aiki ta Amurka ta zarge shi da saita manhajarsa ta ƙi mata masu shekara 55 zuwa sama da maza masu 60 zuwa sama. Sama da mutum 200 abin ya shafa. An gano ne da wata mai nema ta sake tura takardarta da ranar haihuwa ta kwanan baya, sai ga gayyatar ganawa.

Ganawar bidiyo ta jawo nata ce-ce-ku-ce. Kamfanin HireVue ya daɗe yana nazarin motsin fuskar masu nema, abin da masana suka ce ba shi da tushe mai ƙarfi a kimiyya, kuma yana iya cutar da masu larurar jijiya ko ta magana. Bayan ƙorafin da ƙungiyar EPIC, mai fafutukar kare sirrin jama'a, ta kai gaban hukumar kasuwanci ta tarayyar Amurka a 2019, kamfanin ya sanar a Janairun 2021 cewa ya daina.

Doka

A shari'ar Amurka ba lalle sai an tabbatar da mugun nufi ba. Tun hukuncin Kotun Ƙoli na 1971 a ƙarar Griggs da kamfanin Duke Power, sharaɗin da ke kayar da wani rukuni fiye da kima, ba kuma aikin ne ya wajabta shi ba, yana iya zama wariya. Tambayar da ta rage ita ce wa za a kama, kamfanin da ya saya ko wanda ya ƙera. Ita ce ke gaban kotun tarayya a Kalifoniya tun 2023, inda Derek Mobley, baƙar fata mai sama da shekara 40, ya yi ƙarar Workday. Ya ce ya nemi aiki sama da sau 100 ta manhajar kamfanin ba a ɗauke shi ba, wani lokaci amsar ƙi ta zo da tsakar dare cikin ƙasa da awa ɗaya. A Yulin 2024 mai shari'a Rita Lin ta yarda a ci gaba da ƙarar, a Mayun 2025 kuma ta ba wasu masu sama da shekara 40 damar shiga. Workday ya musanta zargin, yana cewa kamfanonin da suka sayi manhajar su ke yanke hukunci.

Jihar Illinois ta fara aiki da dokar ganawar bidiyo a 2020. Birnin New York tun Yulin 2023 ya wajabta a riƙa binciken irin waɗannan manhajoji duk shekara, a kuma sanar da masu nema, sai dai bin dokar ya yi rauni: masu bincike a Jami'ar Cornell sun duba kamfanoni 391, suka sami 18 kacal da suka wallafa sakamakon bincikensu. Dokar ƙirƙirarriyar basira ta Tarayyar Turai, wadda ta fara aiki a Agustan 2024, ta sa manhajojin ɗaukar ma'aikata a sahun masu babban haɗari, ta kuma haramta amfani da na'ura wajen karanta yanayin zuciyar mutum a wurin aiki.

A Nijeriya

A ranar 15 ga Maris 2014 dubun dubatar matasa sun cika filayen wasa a faɗin Nijeriya don jarrabawar shiga Hukumar Shige da Fice, ana neman guraben da ba su kai 5,000 ba. Aƙalla mutum 16 suka rasu a turmutsitsi. Duk wanda ya tuna wannan rana ba zai raina amfanin tantancewa ta intanet ba, kuma yanzu hukumomin tsaro da dama ta shafukan intanet da jarrabawar kwamfuta suke ɗaukar ma'aikata. Bankuna da ƙungiyoyin agaji na ƙasashen waje da ke aiki a Arewa su ma haka suke yi.

Matsalolin da ake samu a Nijeriya sun fi zama na sharaɗi da na bayanai. Iyakar shekaru tana rufe ƙofa ga wanda yajin aikin jami'a ya cinye wa lokaci. Sunan da aka rubuta Muhammad a takardar makaranta, Mohammed a katin ɗan ƙasa, yana iya hana bayanai daidaituwa, haka ma ranar haihuwar da ta bambanta tsakanin takardu biyu. Da yawa kuma a shagon kwamfuta ake cike musu fom, kuskuren mai shago ya zama nasu. Dokar Kare Bayanai ta Nijeriya ta 2023, a sashe na 37, ta ba mutum haƙƙin ƙin hukuncin da na'ura ita kaɗai ta yanke idan ya shafi rayuwarsa sosai, tare da damar neman ɗan Adam ya sake duba lamarin, ya kuma ƙalubalanci hukuncin.